Awon Icce

Ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba na gama makarantar horon malamai, na dawo gida Yelwa na zauna jiran takardar koyarwa. Takarda ta ƙi zuwa. A lokacin kuwa ofisoshi tsirowa suke ta yi, duk wanda ya samu ɗaki biyu ya kafa allo a ƙofa ya zama ofis. Cikin irinsu aka buɗe wani a bayan kasuwa, aka ce ana neman mata masu karatu. Kada a ɗauka ƙwazonmu aka gani. Aikin na shiga gidaje ne, namiji kuwa iyakarsa zaure, shi ya sa aka tuna da mu.

Shugaban aikin baƙo ne a garin, kowa Yallaɓai yake ce masa. Mutum ne mai tsabta, mai sanyin murya, ba ya katse wa kowa magana, in ka gaishe shi sai ya tambayi lafiyar mahaifanka ɗaya bayan ɗaya. Ni da Allah ya yi ni da saurin ganin aibin mutane, na duba na duba ban samu inda zan kama shi ba. Ranar farko ya zaunar da mu a benci ya yi mana bayani. Ya ce masana sun gano hayaƙin da ɗan Adam ke saki ba ɓacewa yake yi ba, taruwa yake a sama yana ƙara wa duniya zafi. Saboda haka kowace ƙasa za ta fara sanin yawan nata, sannan ta yanka wa kanta abin da za ta rage, a riƙa bibiya shekara-shekara a ga ko ta cika alkawari. Hayaƙin masana'antu da na motoci akwai masu auna shi a can manyan birane. Mu namu rabon shi ne itacen da ake ƙonawa a bakin tafki, musamman na bandar kifi.

Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, shi hayaƙin a wane buhu za mu zuba shi mu auna?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce mu itace za mu auna, masu lissafi a sama su suka san yadda za su mayar da shi hayaƙi. Amsar ta burge ni, kuma ba zan ɓoye ba, na fara jin kaina. Jiya ina tankaɗen gari a tsakar gidan Inna, yau ga ni cikin masu gyaran sararin samaniya. Da na koma gida na yi wa ƙannena bayanin da ni kaina rabinsa na fahimta.

Aikin ba wuya. Kowace mace aka ba ta sikeli mai ƙugiya, da igiya, da littafi, da gwangwanin jan fenti. Ki shiga gida da safe, ki ɗaure itacen da suka tara dami-dami, ki rataya ki auna, ki rubuta. Gobe war haka ki dawo ki auna abin da ya rage. Abin da ya ɓace tsakani shi aka ƙona. Fentin kuwa na rubuta lamba ne a ƙofar kowane gida, don kada ki rikice ki auna na wata ki rubuta wa wata.

Da aka zo rabon wurare ni na roƙi a ba ni wata tunga ta masunta kusa da Wara, don can yayar mahaifiyata take. Inna Babba muke ce mata. Wurinta aka kai ni yaye, yayen da ya zarce har na isa shiga firamare, don haka a wurina ba ta da bambanci da wadda ta haife ni, sai ma dai na fi jin tsoronta. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Abin da ke riƙe da gidan murhunan banda ne guda uku da ta gina da hannunta, na laka, zagayayyu, tsayinsu ya kai ƙugu, da ragar waya a bisa. Masunta su kawo mata tarwaɗa da kurungu da karfasa suna motsi, ta wanke, ta lanƙwasa, ta jera, ta zauna gadin wuta har rana ta karkata. Idanunta kullum jajaye ne, zanenta ko an wanke shi sau goma ƙamshin banda yake yi. Da murhunan nan ta ciyar da gida cike da baki, nata da marayun dangi. Fataken kudu sun san kifinta, ba sa karya shi su duba ciki.

Mutanen tungar ba sa son mai takarda, kuma suna da hujja. Garinsu na asali yana ƙarƙashin tafkin. Masu takarda ne suka zo wancan karon suka ƙirga ɗakuna da rumbuna, bayansu ruwa ya biyo. An ce don a samar wa ƙasa lantarki ne, ga su nan har lokacin aci-balbal suke kunnawa. Na san in na shiga da sikeli ni kaɗai, ko da ni ɗiyar gida ce, gaisuwa kawai zan samu. Na faɗa wa Yallaɓai, ya ce zai zo da kansa.

Ya zo kuwa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zauna a tabarma ƙofar gidan mai tunga. Maza a gaba, mata a bayan zana suna saurare. Ya juya harshe ya koma irin namu, yana cewa icce, yana cewa kihi, sai ka rantse a nan aka yanke masa cibi. Da ya gama, muryar Inna Babba ta fito daga bayan zana.

"Yaro, wanga awo, na mi na?"

Ya ce, "Inna, gwamnati ka son ta san iccen da kuke ci, don ta san yadda za ta yi da ku."

"In ta sani hwa? Ba mu son abin da yaf faru wancan karo."

Ya dafa ƙirji. "Inna, amana ce tsakanina da ku. Sunan mutum ba zai hau sama ba, sunan gida ba zai hau ba, ko sunan tungar nan ba zai fita daga ofishina ba. Haɗa shi za a yi da na ƙasa baki ɗaya, ba mai iya tsamo naku."

Aka kawo masa bandar tarwaɗa daga murhun Inna Babba, ya ci har da tsotsar kai, ya yi hamdala. Bayan motarsa ta tashi ta kira ni ɗaki ta ce, "Ke ɗiyata, shi ban san shi ba. Ke nis sani. In buɗe?"

Na ce, "Inna, buɗe. Na ɗaukar miki. In wani abu yat taɓa ki, ni ta."

Da la'asar ta ɗauki mayafi ta zaga gidaje da kanta. Washegari babu ƙofar da aka rufe mini.

Abin da ban lura da shi ba shi ne kalmar da muka shigo da ita. Mu a ofis in mun ce awo, auna nauyi muke nufi. A tsakar gida kuwa awo shi ne hatsin da maigida ke aunowa a kasuwa ya kawo a ci. In aka ce wane ya yi wa gidansa awo, to ya sauke nauyin da ke kansa. Matan tunga sun ji an ce gwamnati za ta yi awon icce, sun kuma ji babban mutum da bakinsa ya ce za ta san yadda za ta yi da su. Sai suka gama shawara a tsakaninsu cewa gwamnati za ta fara kawo musu itace, kowace gwargwadon abin da aka rubuta mata. Itace kuwa ya riga ya zama abin wahala a bakin ruwa, sai an tsallaka da kwalekwale ko an jira masu amalanke. Ba wadda ta tambaye ni, ni ma ban ji komai ba.

Kusan mako biyu ina aiki ina mamaki. Gida mai murhu ɗaya sai in tarar da itace jibge ya kusa kai tsayin danga. In dawo washegari in tarar saura 'yan ƙirare. In tambaya, matar gidan ta ce, "Ai ya tahi, ɗiyar nan." Kafaɗata ta yi tsami don ɗaga dami, tafin hannuna ya yi kanta, su kuma suna tsaye suna yi mini sannu, suna ce mini Malama mai ƙugiya. Wata har fura ta dama mini ta ce in sha in samu ƙarfin rubuta mata da yawa. Na ɗauka wasa take.

A gida na kusa da ƙarshe na ɗauki wani guntun ƙirya mai reshe biyu, da tsohon saran gatari a gindinsa, na ji na san shi. Na tsaya ina juya shi. A gidan Inna Babba na fara auna shi ranar farko. Na auna shi gidan maƙwabciyarta. Shekaranjiya ma ya soke ni a yatsa. Ashe da na juya baya ake miƙa itacen ta kan danga zuwa gidan da zan shiga gobe. Itacen tunga guda aka tara wuri ɗaya yana bina gida-gida, ni kuma ina ta rubutu da kyakkyawan hannu. Da suke ce mini ya tahi, ba su yi ƙarya ba, ya tafi ɗin.

Na rungumi guntun ƙiryar na kai gaban Inna Babba na ajiye. Ta dube shi, ta dube ni, ko gezau.

Na ce, "Inna, wanga icce ya hi ni zumunci. Babu gidan da bai shiga gaisuwa ba."

Ta fashe da dariya har tana share hawaye da bakin zane. "To mi? Ke da kinka yi boko, in za a yi miki awo, cewa za ki yi cikinki ƙarami na?"

Na zauna na warware mata dalla-dalla. Na ce babu itacen da za a kawo wa kowa. Ana ƙirga shi ne don a san masu cika sama da hayaƙi, daga baya a ce su rage. Dariyar ta ɗauke. Ta dubi wuta, sannan ta ce, "Ashe laihi munka ɗora ma kanmu wanda ba mu yi ba. To tashi ki gyara."

Na gyara. Na sake bin gidajen daga farko, wannan karon ina wuni a gindin murhu ina kallon kowane guntu da ya shiga wuta. Abin da na samu bai kama ƙafar na farko ba. Inna Babba ma ta fi kowa tsimi. Banda ba ta son wuta mai harshe, in ta yi yawa kifi ƙonewa yake ya yi ɗaci. Guntu biyu take sawa, ta yayyafa ƙaiƙayin shinkafa, ta rufe da tsohon kwanon rufi, ta wuni a kansu. A littafin farko kuwa gidanta ne kan gaba, don a can aka fara jibge itacen tun bai ragu ba.

Matsalar ita ce shafukan farko sun riga sun isa ofis, don duk mako mota na zuwa karɓa. Na ɗauki sabon littafin na kai wa Yallaɓai da kaina, na ba shi labarin ƙirya mai zumunci. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya karɓi littafin ya jefa a aljihun tebur, ya tura da gwiwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai a yaga na farkon."

Ya ce, "Ƙanwata, zauna. Da adadin bana za a riƙa gwada mu duk shekara. In muka fara da babba, baɗi ko ba mu yi komai ba an ga raguwa. In muka fara da ƙarami, me za mu rage? Bar shi yadda yake. Tunda babu suna, wa zai cutu?"

Na ce ai ƙarya ce. Ya ce ba shi ya yi ta ba, ba kuma ni ba. Sannan ya dube ni da sanyin idon nan nasa ya ce, "Ko ba ki yarda da ni ba ne?" Na ɗauki jakata na fito. Na koma tunga, Inna Babba ta tare ni da tambaya tun ban ajiye jaka ba, na ce mata na gyara. Na lallashi kaina da cewa ai na gyara ɗin, littafin yana nan a aljihun tebur.

Shekara ta zagayo. Aka ce ƙasa ta yanka abin da za ta rage, an raba wa jihohi, jiha ta raba, bakin tafki ya samu nasa kaso. Muka koma awo na biyu. Yanzu kowa ta san babu itacen gwamnati, ba wadda ta ɗaga ko tsinke ta kan danga. Adadi ya faɗo warwas. Ofis ya rikice da murna. Baƙi suka zo daga babban birni cikin fararen motoci, aka zaga da su bakin ruwa, aka ce musu wayar da kai ce ta yi aiki. Aka sa ni a gaba ina riƙe da sikeli aka ɗauki hoto. Yallaɓai ya yi jawabi ya ce matan bakin tafki sun nuna wa ƙasa hanya. Ina tsaye ina murmushin dole, ga matan can gefe suna tafi don sun ga ana tafi.

Yabon nan shi ya jawo masifa. Masu lissafi a sama suka ce tunda bakin tafki raguwa ba ta yi masa wuya, a ƙara masa kaso, a sassauta wa wuraren da suka kasa. Wuraren da suka kasa kuwa su ne na masu masana'antu da dogayen bututun hayaƙi da manyan motoci, waɗanda in sun yi tari ana ji. Mu aka ɗora wa, alhali matan nan babu abin da ya rage su rage, sai dai su sayar da kifi ɗanye ya ruɓe a hanya. Na faɗa wa Yallaɓai haka ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce in kwantar da hankalina, yana da dabara, za a kawo wasu sababbin murhuna masu cin itace kaɗan. Na sake yarda da shi, wannan kam wautata ce.

Lokacin da ruwa ya fara ja, kifi ya yi yawa, sai aka tura ni wajen Shanga na mako biyu, wai can ana ƙarancin ma'aikata. Ban kawo komai a raina ba. Ranar da na dawo ta dace da kasuwar Yelwa. Na biya bakin ruwa inda kwalekwalen tungarmu ke tsayawa, don in ba da goro a kai wa Inna Babba. Matan da suka goya ni ina ƙarama suka gan ni suka kau da kai. Maƙwabciyar Inna Babba ce ta kasa haƙuri.

"Har kina da idon zuwa nan?"

Na ce, "Gwaggo, mi yaf faru?"

Ta ce kwana huɗu da suka wuce mota ta zo da wasu ƙarti da ofishinmu ya ɗauka, da guduma da diga. Suna riƙe da takarda, suna karanta lamba, suna duba jan fentin ƙofa. Gidan da lambarsa ta faɗo cikin masu cin itace da yawa sai su kutsa har tsakar gida, maza da su, su rushe murhu, wai sai an kawo sabon samfuri. Da gidan Inna Babba aka fara, ukun duka, da kifi a kan raga. Ta tare ƙofa ta ce wa ya ce ta fi kowa ƙona icce. Sai babbansu ya juyo mata da takardar.

"Ba ta karatu," in ji maƙwabciyar, "amma ta san hannunki. Kowa ya san hannunki, ga shi nan bisa ƙofar kowa."

Ban san yadda na isa ofis ba. Na tarar da shi yana shan shayi. Ban yi sallama ba, karo na farko a rayuwata.

Na ce, "Ka ce amana. Ka dafa ƙirji gaban tsofaffi ka ce suna ba zai fita ba."

Ya ajiye kofi a hankali. "Malama, kin ga suna a takardar? Lamba ce."

Har yau in na tuna amsar nan sai na ji ɗaci a bakina. Na ce to ya fito da littafin gyaran nan da ya jefa a aljihun tebur, mai gaskiyar, a kai sama. Ya ce wane littafi? Shi littafi ɗaya ya sani, ga sa hannuna a ƙasan kowane shafi. In akwai ƙarya a ciki, mai sikeli za a tambaya. Ya ce na sama sun takura masa sai sun ga abin da ido ke gani, shi ma umarni yake bi, kuma murhu ai laka ce.

Na gaya masa maganganun da ban san na iya su ba. Na ce ya ci kifin tsohuwa ya tsotse kai, ya juyo ya rushe inda aka gasa shi. Na ce Allah ya isa, na maimaita har masu shagunan kusa suka leƙo. Na ciro sikelin daga jaka na dangwara masa a tebur, shayin ya zube a kan takardunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ciro hankici yana gogewa, yana cewa in na huce in dawo. Rashin fushin nan nasa ya fi komai ƙona mini rai. A nan na gane tun ranar da ya karɓi littafina ya san irin wannan ranar za ta iya zuwa, ya kuma san wa zai tura gaba. Shanga ma ba ƙarancin ma'aikata ya kai ni ba. An ci amanata, an kuma yi amfani da hannuna an ci ta wadda ta raine ni.

Washegari na shiga kwalekwale. Tun daga nesa na ga abin da ban taɓa gani ba, tungar babu hayaƙi a kanta. Warin ruɓaɓɓen kifi ne ya tare ni a gaɓa, don kamun kwanakin duk ya lalace. Na shiga gida. Inda murhunan suke sai tsibin baƙar laka uku, ragar waya a lanƙwashe an jingine ta da danga. Inna Babba tana zaune a kujerar tsugunno tana tsintar wake. Ta amsa sallamata, ta tambayi mutanen Yelwa, ta sa aka kawo mini ruwa. Na durƙusa gabanta na fara kuka ina rantsuwa.

Ta ce, "Bar rantsuwa. Na san ba ki san za su zaka ba. Da kin sani da kin riga su."

Na ji sanyi ya fara shiga raina. Sai ta ɗago kai.

"Ƙaryar farko tamu ta, mu munka yi ta, mun ga sakamako. Shi ko baƙo na, ya ci ya tahi. Abu guda nika tambaya. Ran da kinka dawo daga Yelwa nic ce miki kin gyara, mi kinka ce min?"

Na sunkuyar da kai.

"Mi kinka ce min, ɗiyata?"

"Na ce na gyara."

Ta gyaɗa kai ta koma kan wakenta. Da zagina ta yi, ko ta ɗauki muciya ta bi ni kamar yadda take yi ina yarinya, da ya fi mini sauƙi.

Sababbin murhunan ba su zo ba. An gina ɗaya a bakin titi, aka shafe shi da farar ƙasa don baƙi. Matan tunga masu sauran ƙarfi suka koma haƙa rami a daji suna banda a ɓoye, ramin kuwa buɗe yake, itacen da yake ci ya fi na murhu nesa ba kusa ba. A takarda hayaƙin bakin tafki ya sake raguwa. Yallaɓai ya samu ƙarin girma ya koma babban birni, na ji an ce har kiransa ake ya koya wa wasu yadda ya yi. Ofishin bayan kasuwa ya zama shagon ɗinki.

Inna Babba ba ta bi su daji ba. Ƙafa ba ta kai ta, kuma ta ce ita ba satar kifi ta yi ba da za ta gasa shi a ɓoye. Na ce zan kwaɓa laka da hannuna mu sake ginawa, ta ce in bari. Masuntan da suka shekara da shekaru suna kawo mata kamu suka koma wa wasu, ba don mugunta ba, kifi ne ba ya jira. Fataken kudu suka daina tambayar gidanta. Macen da ke ciyar da gida ta koma jiran abin da za a aiko mata.

Ni kuma takardar koyarwa ta zo daga baya, na yi aure, na haihu. Na ci gaba da zuwa tunga duk hutu, kuma ba ta taɓa canza mini fuska ba. Ta ba ni abinci, ta yi wa 'ya'yana wasa, ta raka ni bakin ruwa in zan koma, har na fara zaton abin ya wuce. Wani hutun muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, sai aka kawo wasiƙa daga ɗanta da ke aikin soja a kudu, wanda ta yi wata da watanni ba ta ji daga gare shi ba. Na goge hannuna a zane na miƙa. Ta dubi wasiƙar, ta dubi hannun nawa. Sai ta soke ta a ƙugu, ta jawo mayafi ta miƙe.

"Zauna ki ida gyaɗar, ɗiyata," in ji ta. "Bari in kai ma mai shago shi karanta min."